Sunana Daga Kujerar Baya

Ramlatu, leƙa ki gani ko Goggo ta yi barci. To, madalla. Janyo mata ƙofar a hankali. Ba na so ta ji wannan.

Kai kuma Nafi'u, kife wayar nan. Tun magariba kake nuna mana yadda za ka latsa ta a Makka, mota ta zo ta durƙusa a gabanka kamar raƙumi. Ko ƙofar jirgi ba ka taɓa gani ba, har ka fi kowa sanin Makka. Ka yi Umra goma ma, bawana ne kai, ɗan mace. Zauna ka saurara. Jibi za ka tashi, kuma na ji da kunnena kana cewa ba ka bukatar abokin tafiya tunda kana da waya. Shi ya sa zan buɗe baki. Shekara huɗu ina riƙe da maganar nan a ciki.

Ba tatsuniya ba ce. Kada wanda ya ce min ta zo mu ji ta.

Kun san ni ɗan fari ne. Kun san ranar da aka yaye ni Goggo, uwarku, 'yar'uwar babana, ta goyo ni ta kawo ni gidan nan. Ta riƙe ni, ba ta taɓa bambanta ni da ku ba, Allah Ya saka mata. Amma akwai abin da ba za ku gane ba, ku da ake ƙwala wa kira har maƙwabta sun gaji da sunayenku.

Inna, wadda ta haife ni, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ko sau ɗaya. Kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da. In na je Garun Malam gaishe ta, ba ta duban fuskata. Farantin shinkafar da take tsincewa take amsa wa gaisuwa. In za ta yi zancena da wani, sai ta ce "yaron Goggo". Har na yi furfura a gemu ina yaron Goggo. In kuwa ni take nema, gyaran murya take yi, sau biyu, a hankali. Shi ne sunana a bakinta.

Ba wai ba ta so na ba ne. Na sani. In an yanka kaza, cinyar tana ƙarƙashin faifai, sai ta ce da iska, "A miƙa wa baƙo." Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni a asibiti, kwana uku ta yi a bakin ƙofar ɗakin, a kan tabarma, ba ta shigo ba. Ta ƙarƙashin labule nake ganin ƙafafunta. Amma in na ji tana kiran ƙannena, Sabi'u, Talatu, sai wani abu ya tokare ni a nan, a ƙirji. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ƙato da ni, mai gyaran injin ban-ruwa, wa zan je in ce wa ina kishin suna?

Burinta ɗaya a duniya, ta ga Ka'aba. Raguna ta yi ta kiwo saboda haka. Allah bai nufa ba. Ranar da za ta cika ina zaune a gefen gadonta. Na ce a raina, yau kam za ta faɗa. Ta yi gyaran murya sau ɗaya. Na matso da kunnena ina jiran na biyu. Bai zo ba.

Da kuɗin ragunanta na tafi Umra.

A masaukinmu na Makka ɗaki ɗaya aka haɗa ni da wani dattijo, Alhaji Ɗanlami mai albasa. Zuwansa na bakwai ke nan. Ranar farko ya karɓi wayata ya sa aka saka min abin kiran motar nan da Nafi'u yake yi mana taƙama da shi. Ya zaunar da ni a bakin gado.

Ya ce, "Malam Ƙasimu, garin nan na Allah ne, amma ba duk wanda ke cikinsa ne ya zo don Allah ba. In tasi ka tsayar a titi, ku gama magana kafin ka ɗora ƙafa. In ta waya ka kira, dubi lambar motar, ka dubi ta cikin wayar, su zama ɗaya. Dubi fuskar direba, ka dubi hotonsa. Kuma kada ka ce masa ni ne wane. Tambaye shi wa ya zo ɗauka, ya faɗi sunan da bakinsa."

Na ce, "To, Alhaji."

"Ban gama ba. Ka turo min tafiyar taka ta waya, in riƙa ganin inda kake. Abin da ya fi ma, ka tashe ni mu tafi tare."

Na ce, "To, Alhaji." Irin to ɗin Nafi'u.

Na gama tawa Umrar lafiya. Saura ta Inna. In za ka yi wa wani, sai ka fita bayan iyakar gari mai alfarma, ka je masallacin Nana A'isha. Can za ka ɗaura harami, ka yi niyya, sannan ka dawo Ka'aba. Ba nisa. Motoci suna ta kai-kawo.

Rana ta huɗu, bayan azahar, Alhaji Ɗanlami yana minshari. Na ɗauki haramina na zare jiki. Ban tashe shi ba. Ban tura masa komai ba.

Kun san dalili? A cikin niyyar sai na ambaci sunan wadda zan yi wa. Ni kuwa ban taɓa faɗin sunan Inna ba. Wane ɗa ne yake faɗi? Ban so wani ya tsaya a kaina ina faɗa.

Zuwa dai lafiya lau. Na duba lamba, na duba fuska, direba ya faɗi sunana, ya sauke ni a ƙofar masallaci. Na yi wanka, na ɗaura fararen mayafan nan biyu, na yi raka'a biyu. Na zo niyya. Harshena ya yi nauyi kamar na ɗauki dutse da shi. Sau uku ina farawa ina tsayawa. Daga ƙarshe ya fito.

Hansatu.

Kamar ba daga bakina ba. Na kifa kaina na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na fito, manyan motocin ayari duk sun kwashe mutanensu. Filin ya yi fayau. Rana tana dukan tsakar kaina, ga shi mai harami ba ya rufe kai. Na koma can ƙarshen fili, jikin wata katanga, don kada a ga idona. Ni kaɗai. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba. Kowa ya zo da nasa, mai riƙe da hannun uwarsa, mai tura ta a keke. Ni suna kawai na kawo.

Sai na ce, "Inna, ga shi na faɗi naki. Ke kin tafi da nawa."

A fili na faɗa, ba a zuci ba. Da tsakar rana, a bayan iyaka. Ku kuna zaton sai dare mutanen ɓoye suke fita. Kun manta yadda Goggo take hana mu zuwa gindin tsamiya in rana ta take? Kun manta tana cewa kada mutum ya yi magana shi kaɗai a fili, bai san wa ke kusa ba?

Na ciro waya daga ɗamara na kira mota. Ta nuna min farar mota, da lambarta, da hoton direba, wani siriri mai jan gemu, ya sha lalle. Sunansa Shafiƙul. Ta ce minti bakwai.

Ban kai ga mayar da wayar ba, na ga farar mota a tsaye a gefena.

Ban ji zuwanta ba. Ni, da nake gane ciwon inji daga bayan katanga.

Na leƙa lamba. Ƙasa ta rufe ta ruf. Jar ƙasa, irin ta hanyar Garun Malam da damina. Ban ga irinta ko'ina a Makka ba. Na miƙa hannu zan goge, sai gilashi ya sauka.

Na ce, "Salamu alaikum."

Aka ce, "Sannu da rana."

Da Hausa. Tatacciya. Bai amsa sallamar ba, amma sai daga baya na tuna da haka. A lokacin cewa na yi ɗan Takari ne, Hausawan nan da kakanninsu suka zo da ƙafa suka zauna. Na dubi fuskarsa. Ba zan iya kwatanta muku ita ba. Na dube ta sosai, amma ta ƙi zama a idona. Abin da na tabbatar, babu jan gemu.

Na tuna da Alhaji Ɗanlami. Na ce, "Wa ka zo ɗauka?"

Ya ce, "Ɗan Hansatu."

Ramlatu, kin gane, na ga kin toshe baki. A cikin wayar, sunan Ƙasimu aka rubuta. Babu Hansatu a cikinta, babu a takarduna. Wannan sunan sau ɗaya ya taɓa fita daga bakina, a cikin masallaci, ƙasa-ƙasa. Amma ban yi wannan tunanin ba. Daɗi na ji. Duk tsawon rayuwata ba wanda ya taɓa haɗa ni da ita a magana ɗaya.

Na mayar da wayar ɗamara, na buɗe gaba na shiga.

Akwai sanyi a ciki. Ba na na'ura ba. Irin sanyin da ke bugo fuska in ka leƙa rijiya. Muka tashi. Na ɗora tafin hannuna a kan kujera. Ko wace mota ce, komai sabuntarta, tana ɗan rawa a jikin mutum. Wannan shiru. Kamar tabarma.

Sai na ji akwai mutum a baya.

Ta wutsiyar ido na hango gefen zane. Mace ce. Ban juya ba, ina cikin harami, kuma ba tarbiyya ba ce. Na ce a raina, motar waya ba ta haɗa ka da wani fasinja. Na ɗaga ido in duba madubi. An juyar da shi yana kallon rufi.

Mai harami Labbaika yake ta yi har ya isa Ka'aba. Na buɗe baki in ci gaba. Ta bushe. Na san kalmomin, amma sun ƙi hawa harshe.

Sai wani ƙamshi. Hayaƙin kara, da man kaɗanya. Ɗakin Inna ke nan in an buɗe shi da safe.

Na zuba wa hanya ido. Kun san dogon benen nan mai agogo da ake gani a hoto. Daga nesa ake hango shi, shi ne alamar kana fuskantar Ka'aba. Da farko yana gabanmu. Can na gan shi ta gefena. Can na neme shi na rasa. Gidaje suka ƙare. Baƙaƙen duwatsu dama da hagu. Ba mota ko ɗaya, mai zuwa ko mai tafiya.

Na ce, "Malam direba, ba nan ce hanyar Ka'aba ba."

"Ta nan ta fi kusa."

"Kusa da ina?"

Ya ci gaba da kallon gabansa.

Hannunsa na kan sitiyari, amma ba ya juya shi. Na sauke idona ƙasa. Mai gyara ne ni, ƙafar direba nake duba in na rasa gane mota.

Ba takalmi. Ƙafafu ne manya, duk faso, jar ƙasa ta cika tsagogin. Ba sa kan totur. Ba sa kan birki. Yana ɗaga wannan, yana ajiye waccan. Yana ɗaga waccan, yana ajiye wannan.

Tafiya yake yi a zaune.

Duk taku ɗaya, sai duwatsun su matso.

Nafi'u, matsa kusa da fitilar mana, ba wanda zai yi maka dariya. Ni ma a lokacin gashin jikina duk ya miƙe. Na lallaɓa hannuna na kama mabuɗin ƙofa. Na ce ko da gudu ake, faɗawa zan yi.

Sai aka yi magana daga baya.

"Ƙasimu."

Hannuna ya saki ƙofar.

Muryarta ce. Ba mai kama da ita ba, ita. Da 'yar dishewar nan da hayaƙin murhu ya bar mata. Da yadda take jan ƙarshen magana kamar ba ta so ta sake ta. Shekara arba'in da uku ina ƙoƙarin jin yadda sunan nan zai fito a wannan muryar. Ashe haka yake. Ashe ya fi yadda na zata daɗi.

"Ƙasimu, ka sha rana."

Hawaye suna zuba a kan haramina.

"Ƙasimu, juyo in gan ka."

A take na san ba ita ba ce. Tun kalmar farko. Inna ba za ta faɗa ba, ko a mafarki ba ta faɗa. Kuma ba a yi gyaran murya ba. Abin da ke bayan nan ya ji ni a jikin katanga ina roƙo, ya kawo min abin da na roƙa. Ya ari muryar, ya ari ƙamshin. Kunyar ce bai san da ita ba.

Wayata tana kuka a cikin ɗamara. Na ciro ta da ƙyar. Na ɗauka.

"Haji! Haji!"

Wani ne yake ta ihu da yaren da ban sani ba. Ina jin numfashinsa. Ina jin rediyo a bayansa, da ƙarar inji. Muryar ɗan Adam ce, mai gumi, mai jin haushi. Na dubi fuskar wayar. Ga ɗigon da yake nuna ni, shi kaɗai a tsakiyar fili, ba titi ko ɗaya kusa da shi. Can ƙasa ga 'yar farar mota tana lallaɓowa.

Motar da na kira tana nemana. To wace ce nake ciki?

Jin muryar mutumin nan ne ya kwance min harshe. A'uziyya ta fito. Na kama Ayatul Kursiyyu, ina yi ina sarƙewa, ina komawa farko.

Na ce, "Tsaya."

Direban ya ce, "Ba a tsayawa a nan."

"Na ce ka tsaya."

Ƙafafun ba su fasa ba. Ɗaga, ajiye. Ɗaga, ajiye.

Muryar ta matso. Na ji ta dab da ƙeyata, amma ba ɗumin numfashi.

"Ƙasimu. Kana jariri aka ɗauke min kai, ban ce komai ba. Yanzu kuma da ƙafarka za ka tafi?"

Wallahi da wuƙa aka soka min da ya fi sauƙi. Wuyana ya fara juyawa da kansa. Na sa hannu biyu na riƙe kaina. Na kafa idona a kan gwiwoyina.

Na ce, "Baiwar Allah, ko wace ce ke, kin yi kuskure. Inna ba ta faɗin sunana."

Muryar ta ɗauke.

Ƙafafun suka tsaya. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama.

Na tura ƙofa. Zafi ya mare ni. Na sauke ƙafa ɗaya, na sauke ta biyu. Ina miƙewa na ji shi a bayana, a hankali.

Gyaran murya. Sau ɗaya.

Koyo yake yi.

Ban tsaya jin na biyu ba. Na toshe kunnuwana na zura da gudu, mayafina na sama yana jan ƙasa. Na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa. Sai da numfashina ya ƙare na waiwaya.

Ba mota. Ba sawun taya. Duwatsu kawai, da rairayi. A kan rairayin ga sawu ya taho daga nesa, har inda ido ya ƙare. Na manyan ƙafafu marasa takalmi. A gefensa, taku da taku, na silifas ɗina.

Sawun mutum biyu. Babu na uku.

Sai a lokacin na ji ƙafafuna. Duk sun kumbura sun fashe. Maɗaurin silifas ɗaya ya tsinke, ban san tun yaushe ba. Leɓɓana sun tsage. Rana ta karkata, inuwar duwatsu ta yi tsawo. Na zauna a ƙasa na riƙe wayar da hannu biyu. Mutumin bai kashe ba, yana ta "Haji, Haji", ni kuma ina ta cewa na'am, ba wanda ke gane wani.

Can na jiyo inji. Tsohon inji, bel ɗinsa yana ƙugi, ga wani ƙarfe yana kaɗawa a ƙasa. A shago da an kawo min irinsa faɗa zan yi wa mai shi. Ran nan ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Farar mota ta ɓullo ta wata hanyar tsakuwa, tana tangaɗi. Ta tsaya. Duk halin da nake ciki sai da na rarrafa na dubi lambar, na dubi wayar. Ɗaya ne. Siririn mutum ya fito da jan gemunsa.

Ya ce, "Kasim? Kasim?"

Ya ɓata sunan, ya cire masa kai da wutsiya. Na ce, "Na'am."

Ya juye min gorar ruwa a ka, ya ɗura min wata a baki, yana ta faɗa da yarensu kamar ni ƙaninsa ne. Ya cicciɓe ni ya sa a mota. Kujerar tana rawa a jikina. Muna hawa kwalta Labbaika ta dawo bakina da kanta.

A masauki mai gadinmu, wani ɗan Takari na gaske, shi ya yi mana tafinta. Shafiƙul ɗan Bangaladash ne. Ya ce ya iso masallaci a minti bakwai ɗinsa, bai ga kowa ba. Ya duba waya, ya ga ɗigona yana tafiya a hankali, tafiyar ƙafa, ya nufi duwatsu. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya ce ya so ya soke ya kama gabansa, ga fasinjoji suna jira. Amma ya san wanda ya nufi can da ƙafa a wannan ranar ba ya dawowa. Ya yi ta kewaye yana neman hanyar da mota za ta bi. Kira goma sha tara ya yi. Kusan awa biyu.

Alhaji Ɗanlami yana tsaye yana ji. Bai ce min ga abin da na gaya maka ba. Ya ɗaure min ƙafafu da tsumma mai tsabta, ya sa takalminsa, ya kama damtsena. Shi ya riƙe ni na yi wa Inna ɗawafi, na yi Safa da Marwa ina ɗingishi. Aka yi min aski. Umrarta ta cika, Allah Ya kai mata ladan.

To, Nafi'u, ka ji. Ka duba lamba, in ba ta karantuwa kada ka shiga. Sunan da ka rubuta shi za a faɗa maka, ba wanda ya fi shi daɗi ba. In ka yi sallama a amsa maka sallama. Kuma duk wanda ka ji ya iya Hausa fiye da kima a inda ba ka zata ba, ka ƙara duba shi. Na mutane ma akwai masu wannan sana'ar, ba sai aljanu ba.

Me ka ce?

Faɗa da ƙarfi, ba zan ci ka ba.

Awa biyun. Eh. Na ce tun kalmar farko na gane ba ita ba ce, to me ya sa sai a kira na goma sha tara na ɗauka.

Kai dai bawan nan, Allah Ya yi maka kunne. Alhaji Ɗanlami ma bai tambaye ni wannan ba. Ko ya lura ya yi shiru, ban sani ba.

Ramlatu, sake leƙa Goggo.

To.

Na gane. Wallahi na gane tun farko. Na ga ƙafafun, na san inda ake kai ni ba a dawowa. Wayar tana ta kuka a ɗamarata, ina jin ta. Hannuna yana kusa da ƙofa.

Da ta ce Ƙasimu, sai na ce, "Na'am? Ban ji ba."

Ta sake faɗa.

Na ce, "Ban ji ba."

Ta sake.

Ba rufe min ido aka yi ba. Ba a ɗaure ni ba. Ina sane na zauna, ƙato da ni, ina yi wa aljani ƙaryar kurumta don ya ƙara kira na da muryar uwata. Na ce sau ɗaya kawai, sannan in sauka. Sai in ce to, ɗaya kuma.

Shi ya sa nake ce maka kada ka fita kai kaɗai. Ba don ba ka da wayo ba. Kana da shi, ga waya kuma. Amma kowa yana da abin da in aka kira shi da shi, zai ga ƙofa a buɗe ya ƙi fita. Ni ban san naka ba. Su za su sani. Ranar nan sai wani na kusa ya kama hannunka ya ja.

Ni ban tafi da kowa ba. Baƙo ne, wanda ko sunana bai iya faɗa ba, ya ƙi ajiye waya. Da ya gaji a kira na goma sha takwas, da har yanzu ina cikin motar nan ina cewa ban ji ba.